Kafin Soro Ya Faɗi, Magini Ake Fara Rasawa

Ranar 7 ga Disamban 2024 aka sake buɗe majami'ar Notre-Dame da ke tsakiyar birnin Paris, shekara biyar da 'yan watanni bayan gobarar 15 ga Afrilun 2019 wadda ta cinye rufinta ta kuma kayar da doguwar hasumiyarta. Kafafen yaɗa labarai sun fi karkata ga manyan baƙin da suka halarci bikin da kuɗin gudummawar da aka tara, wanda ya haura Yuro miliyan 840. Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa kuwa yana can sama inda idon baƙo ba ya kaiwa. Katakon da ke ɗauke da rufin babban zauren ibadar, da gatari aka sassaƙe shi, da hannun mutum, kamar yadda aka yi shekara 800 da suka wuce. Ƙasar da ke haɗa jiragen Airbus ita ce ta koma wurin maƙera, aka ƙera mata gatura kusan 60 irin na da, ta damƙa wa kafintoci.

Wannan aiki ya yiwu ne saboda dalili guda: ranar da wutar ta tashi, akwai masu sana'ar a raye, akwai itacen a daji, akwai awon ginin a takarda. Kuɗi daga baya suka zo, kuma ba su suka samar da ko ɗaya daga cikin ukun nan ba. Ra'ayina shi ne duk al'ummar da ke son tsofaffin gine-ginenta su ɗore, to ta fara da kula da mutanen da suka iya gina su, domin sana'ar ce ke fara mutuwa, ginin ya biyo baya.

Ba a tashi da niyyar komawa ga gatari ba. Kwana biyu bayan gobarar, Firaministan Faransa na lokacin, Edouard Philippe, ya sanar cewa za a buɗe gasa ga masu zanen gine-gine na duniya kan sabuwar hasumiya. Zane-zane suka yi ta fitowa: wannan ya ce rufin gilashi, wancan ya ce lambu, har da wanda ya zana tafkin ninkaya a saman majami'ar. Masu son kayan zamani suna da hujja daga cikin tarihin Faransa kanta. Da majami'ar Chartres ta ƙone a 1836, da ƙarfe aka sake mata rufi. Da aka yi wa ta Reims ruwan bama-bamai a Yaƙin Duniya na Ɗaya, Henri Deneux ya sake rufinta da kankare, kuma duka biyun suna nan tsaye har gobe. Ana kuma ta faɗi cewa babu sauran wanda ya iya irin wancan aiki, kuma babu sauran irin waɗancan itatuwa.

Sai a Yulin 2020 aka yanke shawarar a mayar da ginin yadda yake. Wata biyu bayan nan, wata ƙungiyar kafintoci masu aikin hannu ta zo filin gaban majami'ar da ɗaya daga cikin manyan ginshiƙan rufin masu kusurwa uku, wanda suka sassaƙa da gatari, suka haɗa shi, suka ɗaga shi da igiya a gaban jama'a. Wanda ke cewa aikin ya gagari mutanen yanzu ya gani da idonsa.

Yana da kyau a san abin da ya raba gatari da zarto, don kada a ɗauka son tsohon yayi ne kawai. Zarton inji miƙaƙƙen layi yake bi, bai damu da yadda jijiyar itace ta kwanta ba, duk inda ta ratsa sai ya yanke ta. Gatari kuwa jijiyar yake bi. Kafinta zai kwantar da gungume tun yana ɗanye, ya ja masa layi da igiyar da aka tsoma a launi, ya hau kansa ya yi ta sara a jere har bakin layin, ya ɓantare abin da ke tsakanin sara da sara, sannan ya sauko ya ɗauki gatari mai faɗin baki ya daidaita fuskar katakon. Gungume ɗaya katako ɗaya yake bayarwa, zuciyar itacen tana tsakiya, shi ya sa idan ya bushe ba ya murɗewa sosai, kuma ko siriri ne yana ɗaukar nauyi. A wurin haɗi, ana huda rami a wannan a fiƙe harshe a wancan, a zura, a danne da turken itace. Rufin farko da aka yi ta wannan hanya ya kai shekara 800, kuma ba ruɓewa ya yi ba, wuta ce ta ci shi.

Daga ina kafintocin suka fito? Faransa tana da tsohon tsarin koyon sana'a wanda matashi ke barin gida ya yi shekaru yana yawo daga gari zuwa gari, yana aiki ƙarƙashin gwanaye daban-daban, kafin a yarda ya ƙware. UNESCO ta sanya wannan tsari cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada a 2010. Akwai kuma Guedelon, wani daji a yankin Burgundy inda tun 1997 ake gina ganuwa da fada irin ta ƙarni na 13, da kayan aikin wancan zamani kaɗai. Da farko wasu sun ɗauke shi wasan jan 'yan yawon buɗe ido. Da buƙata ta taso, cikin waɗanda suka iya riƙe gatari har da waɗanda suka goge a can. Awon ginin ma ba sa'a ce ta kawo shi ba: a 2014 wasu masu zanen gine-gine biyu, Remi Fromont da Cedric Trentesaux, sun hau rufin sun auna katakon dalla-dalla a matsayin aikin karatunsu. Itacen oak kusan 2,000 da aka sare kuwa, wasu sun haura shekara 200, daga dazuzzukan da ake tattalinsu tun dokar daji ta 1669 suka fito. Waɗanda suka raini itatuwan ba su san za a yi gobara ba. Hausawa sun riga sun faɗa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba kuma a yi wa zamani tawaye ba. Da kwamfuta aka daidaita zane, da injin ɗaga kaya aka kai katako sama, an kuma sanya wa sabon rufin shingayen tare wuta da na'urar feshin ruwa, abin da tsohon bai da shi. An soki mayar da rufin dalma, ganin irin gubar da ta watsu a unguwa lokacin da tsohuwar ta narke, kuma sukar tana da tushe. Abin lura shi ne an ɗauki sabon abu inda ya fi amfani, an bar wa hannu abin da hannu ya fi iyawa, kuma kafinta yana cikin masu yanke shawara.

Japan ta daɗe da gane wannan ta wata fuska. A wurin bautar Ise, duk shekara 20 ana gina sabon ɗaki irin tsohon sak a filin da ke gefensa, sannan a kwance tsohon. An yi karo na 62 a 2013, na gaba yana 2033. Shekara 20 tazara ce da ke ba mutum damar yin aikin yana yaron kafinta, ya sake yi yana gwani, ya kuma sa ido a kansa yana dattijo. Katakon sabo ne a kowane karo, ilimin ne ya haura shekara 1,300.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye, domin ƙasar Hausa tana da nata ginin da duniya ta san da zamansa, kuma halin da yake ciki ba ɓoyayye ba ne. Ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta a kan masallata, aka rasa rayuka. Allah Ya jiƙansu. Masallacin nan shi ne wanda Babban Gwani Malam Mika'ila ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, kuma masana suna lissafa shi a sahun gaba cikin gine-ginen ƙasa na Afirka. Bayanin da ya fito daga fada a lokacin ya nuna an ga tsaga a bango kwana guda kafin nan, ana shirin kawo masu gyara. Shekara guda bayan haka, a farkon Satumban 2024, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, shi ma na ƙarni na 19, ya zube bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wanda ya san Kano kuma ya san abin da ya rage na badalar da Sarki Gijimasu ya aza harsashinta tun ƙarni na 12: wani wuri an kwashe ƙasar an yi bulo, wani wuri an yanka fili, ƙofofi da dama kuma an rushe su don faɗaɗa titi an sake su da siminti.

Duk lokacin da irin wannan ta faru, maganar da ake ji ita ce: ai ginin ƙasa ne, ya tsufa, dama ba ya jure ruwa. Wannan magana rabinta gaskiya ne. Ginin ƙasa ba ya jure sakaci. An tsara shi ne bisa sharaɗin cewa kowace shekara, kafin damina ta sauka, wani zai hau ya duba shi: a share indararo, a toshe tsaga, a sake yaɓe inda ya zaizaye, a cike gindin bango inda ruwa ya ci. Da can wannan aiki yana da masu shi. Akwai Sarkin Magina, akwai gidajen da gini gadonsu ne, akwai lokacin da kowa ya san na gyaran soro ne. Da aka daina wannan zagaye na shekara-shekara, ginin da ya yi shekara 150 yana tsaye sai ya zama ba ya iya kai goma.

A duba yadda ake ɗora rufin soro, a ga ko aikin da za a miƙa wa kowane ɗan kwangila ne. Ƙasar da za a yi tubali sai an zaɓe ta, an kwaɓa ta da ciyawa, an bar ta ta kwana ta ruɓa, an sake takawa. Ana mulmula tubalin da hannu, gindi faffaɗa kai tsukakke, a shanya. Magini yana zaune a kan bango kamar mahayi, yaro daga ƙasa yana jefo masa tubali ɗaya-ɗaya yana cafewa yana jerawa. Idan an zo rufi sai azara ta shigo, wato gangar giginya da aka tsaga, wadda gara ba ta cika yi wa illa ba. Azara ɗaya ba ta iya haye ɗaki mai faɗi, don haka magini yake dasa ta a cikin bango a karkace, ya ɗora wata a kanta ta ɗan zarce, ya ɗaure da igiya, ya yaɓe, ya jira ta bushe, ya sake ɗora wata, daga ɓangarorin biyu, har su haɗu a tsakiya su zama bakan gizo. Inda bakuna suka gitta juna aka sami ɗaurin guga, a kansu ake shimfiɗa gajerun azara da zana, a zuba ƙasa, a fitar da tuluwa. Daga waje a shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin akuya da dafara. Kowane mataki yana da lokacinsa da ma'auninsa, kuma ma'aunin a ido da tafin hannun magini yake. Wannan kafinta ne, injiniya ne, mai haɗa sinadari ne, duk a jikin mutum ɗaya.

Idan babu shi, abin da ake yi shi ne a kira mai siminti. Shi kuma abin da ya iya zai yi: ya shafe bangon ƙasa da filasta, ya yi fenti, a ɗauki hoto a ce an gyara. Siminti da ƙasa ba sa tafiya tare. Bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa, filastar siminti kuwa tana kulle danshin a ciki. Zafin rana yana buɗa su ba daidai ba, sai 'yar tsaga ta fito, ruwa ya shiga ta nan ya rasa mafita, ƙasar ta yi laushi a bayan filastar ba wanda ya gani, kan azarar da ke cikin bangon ya fara ruɓewa. Daga waje gini tas, daga ciki ya gama lalacewa. Gyaran da aka yi da kyakkyawar niyya yakan fi ruwan sama saurin kashe tsohon gini.

Ita kanta azarar ta zama abin nema. Giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin gangarta ta yi ƙwarin da za a tsaga, ana sare manya ba a dasa madadinsu, 'ya'yan da za su tsiro kuma ana binne su a tone a ci a matsayin muruci. Dazuzzukan giginya irin na Dallol Mauri a yankin Gaya sun daɗe suna ciyar da magina, amma ba za su yi ta bayarwa ba iyaka ba. Katsi ma yana bin marina ne: in karofi ya mutu, laso ya bi shi. Sana'o'in nan a sarƙe suke da juna.

Akwai masu cewa wannan duk maganar masu ƙoshi ce. Mutane na fama da abin da za su ci, gidan ƙasa a idon da yawa alamar talauci ce, kuma bayan an ga soro ya danne masallata, wa zai ce a sake jingina ran jama'a da azara? Dole a saurari wannan hujja, musamman ɓangaren rai. Babu ginin da ya kai ran mutum daraja. Duk tsohon ginin da jama'a ke taruwa a ciki ya kamata injiniya ya riƙa duba shi, kuma da zarar an ga alamar haɗari a rufe shi nan take, ko da ranar Idi ce. Amma injiniyan da bai taɓa karantar ginin ƙasa ba, ba zai bambance tsagar da ke fatar yaɓe da wadda ke nuna bakan gizo ya saki ba. Tsohon magini zai gane da kallo ɗaya da ƙwanƙwasawa. Tsaron rai da kansa yana buƙatar su biyun su tsaya gaban bango ɗaya. Kuma ba wanda ya ce kowa ya koma gidan ƙasa. Ana magana ne kan 'yan gine-ginen da in sun tafi ba su da madadi: Gidan Makama da Gidan Rumfa, Gobarau ta Katsina, fadojin sarakuna, tsofaffin masallatai da zaurukan unguwanni.

Batun talauci kuwa, maƙwabtanmu da ba su fi mu arziki ba sun nuna hanya. Babban masallacin Jenne a Mali, wanda ginin yanzu na 1907 ne, duk shekara mutanen gari ke fitowa su yaɓe shi ƙarƙashin jagorancin ƙungiyar maginansu, kuma itatuwan giginyar da ke leƙowa daga bangonsa su ne matakan da ake hawa. Hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27 tana tsaye da irin wannan kulawa, garin kuma ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013. A Yama da ke jihar Tawa, wani magini manomi, Falke Barmu, ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, aikin ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Dandaji, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin ƙauyen ɗakin karatu suka gina sabo a gefensa, aikin da aka kammala a 2018, kuma sun nemo maginan da suka yi tsohon ginin suka sa su cikin aikin. Duk waɗannan wurare ba su da Yuro miliyan 840. Suna da maginan da har yanzu ake kira ana biya.

Mu ma ba daga sifiri za mu fara ba. Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Poland, ya yi shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Najeriya, awon nan yana cikin littattafansa, kuma a gidan tarihin gine-gine na Jos an gina kwafin masallacin Zariya da wani yanki na badalar Kano. Akwai Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, akwai sashen zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello, a gari ɗaya da unguwar da har yau ake kira Babban Gwani. Sarautar Sarkin Magina tana nan a masarautu. Abin da ya ɓace shi ne igiyar da za ta ɗaure waɗannan wuri guda.

Abin yi a bayyane yake. Kowace masarauta ta sa Sarkin Maginanta ya tattara sunayen dattawan da suka iya ɗaurin guga da haɗa laso, tun suna da sauran ƙarfi. Gwamnatocin jihohi su ware kuɗin gyaran shekara-shekara, ƙanana amma tabbatattu, waɗanda za su fito da rani, maimakon babbar kwangila sau ɗaya a shekara 20. Duk kwangilar gyaran ginin tarihi a rubuta a cikinta cewa maginin gargajiya ne zai jagoranci aikin ƙasa da azara, kuma dole a ɗauki matasa masu koyo a biya su. Hukumar kula da ilimin fasaha, NBTE, tana da tsarin ba masu sana'ar hannu takardar shaidar ƙwarewa, a shigar da ginin gargajiya ciki, don yaron da ya koya ya san yana da abin nunawa. Ɗaliban jami'a su fita su auna kowane tsohon soro su ajiye, su kuma zauna gaban magina da ladabin ɗalibi. Ma'aikatun gandun daji su sa giginya cikin itatuwan da ake dasawa ana karewa. Attajiranmu da ke gina sababbin gidajen saukar baƙi da makarantu su ba magina aikin zaure ɗaya ko rumfa ɗaya, domin sana'ar da ba ta ciyar da mai ita, ɗansa ba zai gaje ta ba.

Na ƙarshen nan shi ne ginshiƙi. Ɗan magini yana barin gadon gidansu ya koma acaba ko bulon siminti ne saboda can abinci yake, kuma babu wa'azin kishin al'ada da zai dawo da shi. Aiki ne zai dawo da shi, da lada mai kyau, da ganin cewa ana kiran mahaifinsa a tambaye shi kafin a taɓa ginin sarki. Mun ƙware wajen kafa kwamitin neman gudummawa cikin mako guda bayan gini ya faɗi, kuma masu hali suna bayarwa. Amma ranar da aka binne mutum na ƙarshe da ya iya ɗaura bakan gizo, duk abin da kwamiti ya tara kankare kawai zai iya saya. Dattawan da suka rage ba su da yawa, kuma ba ƙuruciya suke ƙarawa ba. A nemo su a wannan rani, a ba su aiki da yara masu koyo, kafin damina ta gaba.